Kwana huɗu a masaukin wasan ruwa na Faransa da yara uku cikin sanyi: me za mu shirya tun daga Garwa?

Baban Yasira, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar nan ciki da bai. Ƙanina da ke zaune a bayan garin Paris ya gayyace mu hutun Disamba, biza ta fito alhamdu lillahi. Mu biyar ne: ni da maiɗakina da yara uku, Yasira mai shekara 7, Abba mai shekara 4, sai auta mai wata 20 wadda yanzu ƙafarta ta yi ƙwari, ba ta zama wuri ɗaya. Ya ce zai kama mana kwana huɗu a ɗaya daga cikin wuraren nan na Center Parcs, inda ake ba iyali ɗan gida a cikin daji, a tsakiya kuma ga babbar rumfar gilashi mai ɗumi da pisin (wurin iyo) iri-iri da abin sulu da igiyar ruwa. Aiki ba zai bar shi ya kwana da mu ba, kai mu zai yi ya koma.

Cikin yaran babu wanda ya iya iyo. Yasira ta taɓa shiga pisin ɗin otel sau biyu, ruwa iya ƙirji. Ni na iya daidai gwargwado, irin na wanda ya tashi a bakin Binuwai. Mamansu ba ta iya ba. Abba kuma yana fama da asma idan hunturu ya kankama.

Me za mu saya tun daga nan, me za mu bari sai can? Yaya ake tsara yini da yara masu wannan shekarun? Abinci fa? Kuma me ya fi ba iyaye matsala a irin wuraren nan, don mu san shi tun kafin mu taka? Allah ya saka da alheri.

Malam na Kusiri

Wa alaikumus salam Baban Yasira, Allah ya kai ku lafiya. Zan ɗauki ɓangaren masauki da kuɗi da ciki, na ruwa akwai waɗanda suka fi ni.

Kwana huɗun da ya ce, tsarinsu ne na tsakiyar mako: a shiga Litinin a fita Juma'a. Ɗayan tsarin shi ne Juma'a zuwa Litinin. Ku duba kalandar makarantun Faransa kafin ya biya, domin hutun ƙarshen shekara na mako biyu ne kuma duk ƙasar lokaci ɗaya take yinsa. A cikinsa farashi yana hawa sosai, wurin wankan kuma yana cika maƙil. Idan za ku iya isa mako ɗaya kafin a ba su hutu, ko ku tsaya har makon da suka koma a farkon Janairu, gida iri ɗaya za ku samu da rangwame mai yawa, kuma cunkoso zai ragu, wanda ga mai yara uku ya fi rangwamen ma amfani. Wajen lissafi, yuro ɗaya kusan sefa 656 ne ba ya motsi, wato duk yuro 100 sefa 65,600. Ku riƙa juya kowane farashi a kai, don a can kati ake miƙawa, mutum ba ya jin fitar kuɗin.

Kuɗin gidan ya haɗa da shiga rumfar ruwan, wadda suke kira Aqua Mundo, kullum ba iyaka. Sauran abubuwa kusan duka da kuɗinsu daban: hayar keke, wasannin yara na musamman, gidajen abinci, harajin kwana da hukumar gari ke karɓa kan kowane babba. Ƙaninka ya karanta abin da ajin gidan ya ƙunsa, musamman tawul da gadon jariri da kujerar cin abincin yara. Tawul ɗin wanka na pisin dai ku ɗauka naku ne, bibbiyu ga kowane yaro, saboda wanda aka jiƙa da safe ba ya bushewa kafin la'asar a wannan yanayin.

Abin da mutane ba sa lura da shi sai sun isa shi ne girman wurin. Ana sauke kaya a ƙofar gida, sannan a mayar da mota filin ajiya a bakin shiga, ba a yawo da ita a ciki. Idan gidanku ya faɗo can ƙarshe, tafiyar minti 15 ko 20 ce a ƙasa, sau huɗu a yini, da yaran da suka fito daga ɗumin digiri 29 zuwa iskar da ke kusa da sifiri. Ana iya ƙara kuɗi kaɗan a zaɓi gida kusa da tsakiya. A ganina wannan ne ƙarin da ya fi kowanne cancanta a biya. Ku kuma aro keken tura jariri mai rufin leda. Cikin masaukan, wanda ya fi kusa da Paris shi ne Villages Nature, dab da Disneyland, an buɗe shi a 2017, rumfarsa Aqualagon ake ce mata. Le Lac d'Ailette wajen Laon da Les Bois-Francs a Normandie kowanne tafiyar kamar awa biyu ce ko ƙasa da haka a mota. Tunda ƙaninka zai je ya dawo sau biyu, na kusa ya fi, don in wani abu ya taso da dare ya iya zuwa.

Ranar isa ba a ba da makulli sai da yamma, amma ana barin mutum ya shiga wurin tun da hantsi. Don haka kayan wanka su kasance a jaka daban a sama, kada a binne su ƙasan akwati. Ranar tafiya kuma ana barin gida wajen ƙarfe 10 na safe.

Abinci: gidan yana da kicin, da murhu da firij da tukwane. Ku tsaya a mahautar halal a gari kafin ku kama hanya, don shagon ciki ya fi tsada kuma ba tabbas ku sami nama da za ku ci. Na kwana huɗu ga iyali kamar naku: shinkafa kilo 2, taliya kilo 1, kaji biyu yankakku, naman miya kilo 1, ƙwai 18, mai lita 1, albasa, tumatirin gwangwani, madara da yawa, ayaba da lemo. Burodi a saya sabo a can kowace safiya. Yaron da ya fito daga ruwa yana cin ninkin abin da ya saba, kuma yunwar tana zuwa masa farat ɗaya, shi ya sa ya kamata a dafa na rana tun da safe a bar shi a tukunya, ɗumamawa kawai za a yi. A jikin kwali ku kula da kalmomin porc da jambon da lardons, da gélatine a alawar yara. Kada ku ɗauko kilishi ko man shanu daga gida: dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, a kwastan za a ƙwace. Madarar jariri ta gwangwani an yarda da ita har kilo 2. Buta kuwa ku sa ƙarama ta roba a akwati, bayinsu takarda kawai ke ciki.

Agogonmu da nasu ɗaya ne a lokacin sanyi, barcin yara ba zai rikice ba. Yinin ne gajere: rana ba ta fitowa sai wajen 8:40, azahar wajen ƙarfe ɗaya saura, la'asar wajen biyu da rabi, kafin ƙarfe biyar ta faɗi. Tsarin da ya fi dacewa shi ne ku shiga da zarar an buɗe da safe, ku fito kafin azahar, a ci abinci, auta ta yi barci, a yi la'asar a gida. Mai sauran ƙarfi ya koma na awa ɗaya bayan magariba, lokacin da mutane suka watse neman abincin dare.

Kawu Mai Iyo, Lagdo

Baban Yasira, ka yi mini haƙuri zan faɗa maka kai tsaye. Yara uku da ba su iya ruwa ba, babba ɗaya a cikin ruwa, lissafin bai fita ba. Duk sauran shiri a bayan wannan yake.

Yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu. Bakinsa na nutsewa yana fitowa, numfashi kawai yake fafutukar ja, ba shi da sararin kira. Daga nesa sai ka ɗauka wasa yake, tsaye a ruwa, kai a baya, ido a buɗe. Ƙasa da minti ɗaya ya ishe shi ya nutse. Mai wata 20 kuwa ruwan da bai kai gwiwarka ba ya isa, domin kanta ya fi jikinta nauyi, in ta kifa da fuska ba lallai ta iya miƙewa ba. A rumfar nan ga ƙarar ruwa ga hayaniyar ɗaruruwan mutane, kunne ba ya aiki sam. Masu ceto suna nan da jajaye ko rawayen riguna, amma kowannensu idonsa na kan mutane da yawa, ba su san wane ne naka ba. Ƙa'idar yaron da bai iya iyo ba ita ce: in ka miƙa hannu ka taɓa shi. In sai ka yi taku biyu, ya yi nisa.

Ga yadda za ku raba. Kowace rumfa tana da wurin ƙanana, ruwa daga idon sawu zuwa gwiwar yaro, da ƙananan abin sulu. Nan ne sansaninku. Maman yara ta zauna a ciki da auta, ba a kan kujera can gefe ba, a cikin ruwan. Kai kuma ka riƙa ɗaukar manyan ɗaya bayan ɗaya zuwa wuri mai zurfi, minti 15 ko 20, wanda aka bari ya tsaya wurin mamansa da rigar ceto a jikinsa. Miƙa yaro kuma da baki ake yi. Ka ce "na bar miki Abba", ta dube ka ta ce "na karɓa", sannan ka juya. Yawancin ɓacin rana daga "na zaci yana wurinki" yake farawa. Waya ta zauna a akwatin ajiya. In ana son hoto, a ware masa minti biyar, kowa na tsaye wuri ɗaya, a mayar da ita.

Kayan taimako kala biyu ne, kada a haɗa su. Balan-balan na damtse, brassards a Faransanci, abin koyon iyo ne, yawanci da lambar EN 13138 a jiki. Yana iya sacewa, yana zamewa daga hannun da ya jiƙe in yaro ya ɗaga shi sama, kuma ba ya juya fuskar yaro sama. Rigar ceto ta gaske ta ƙananan yara tana ɗauke da lambar ISO 12402, tana da soso a ciki ba iska ba, da wuya mai tallafe kai da igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Ga Abba da auta wannan za a nema, Yasira ma ta sa nata a wuri mai zurfi. Da nauyi ake sayensu, ba da shekaru ba, don haka ku auna yaran a asibiti kafin ku tashi, nauyi da tsawo, ka tura wa ƙaninka ya saya a shagon kayan wasanni irin Decathlon. Gwajinta: a ɗaure duka igiyoyi, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga. In ta haura ta kai kunnensa ko haɓarsa ta shige ciki, ta yi masa yawa, a ruwa fita za ta yi ta bar shi. Kada a ce a sayi babba don ya girma da ita. Zoben roba da ake zura yaro a ciki ku bar shi, in ya kife ƙafa sama kai ƙasa yake riƙe yaro. Kayan wankansu kuma su zama masu launin lemo ko rawaya mai ƙyalli. Shuɗi da fari da toka ɓacewa suke a ƙarƙashin ruwa.

Pisin mai igiyar ruwa yana da ƙararrawa ko fitila kafin a kunna. Da kun ji, ku ja baya zuwa inda ruwa bai wuce gwiwar yaro ba. Haɗarinsa ba tsayin igiyar kaɗai ba ne, manya ne da take turowa su faɗo kan ƙaramin da ke bayansu. Kogin nan mai gudu da ke zagayawa, wani ɓangarensa har waje, ba na yaranka ba ne a wannan tafiyar, ko da Yasira ta yi kuka. Kai ma ka lura, iyon Binuwai da ka saba kai kaɗai ne, iyo da yaro ya maƙale maka a wuya wani abu ne daban. Kada ka kai ɗayansu inda ƙafarka ba ta taɓa ƙasa.

Manyan abin sulu, wato tobogan, suna da sandar awo a ƙofa, da yawansu mita 1 da 20 suke nema. Mai shekara 7 tana kusa da nan, ƙila ta kai ƙila saura kaɗan, to ka gaya mata tun a gida don kada a yi rigima a kan matakala. Ana sauka a kwance rigingine ko a zaune, ƙafa gaba, sai fitila ta nuna kore. Ka fara duba zurfin ruwan da ake faɗawa a ƙasa, an rubuta shi a bango. Kada ka ɗora Abba a cinya ku sauka tare sai inda aka rubuta an yarda: ƙafar yaro na iya maƙalewa tsakanin jikinka da bangon, nauyinka kuma ya ci gaba da tafiya, haka ƙashi ke karyewa.

Raunin da aka fi samu kullum kuwa santsi ne. Ba gudu, auta a hannu ko a riƙe. A ɗaure gashin Yasira, a hana su wasa da ramukan da ke zuƙar ruwa a ƙasa da bango.

In yaro ya ɓace muku, cikin ruwa za a fara dubawa, mafi kusa kuma mafi zurfi, ɗayanku kuma ya gaya wa mai ceto nan take, ba sai an gama zagaye ba. In an fito da yaro ba ya numfashi, a ƙwala kira, a kwantar da shi, a ɗan ɗaga haɓa, a hura masa iska sau 5, sannan danna ƙirji 30 hura 2, ana maimaitawa har masu ceto su karɓa. Lambar gaggawa 112. Akwai sauran lokaci kafin Disamba, da kai da Hajiya ku nemi wani ma'aikacin lafiya ko ɗan agaji ya nuna muku wannan da hannu.

Anti Nas, Ngaundare

Kawu ya gama magana kan ruwa. Ni ta lafiya zan ƙara, in fara da Abba.

Warin nan mai kama da na jabel, wato bilic na wanki, da ke tarbar mutum a ƙofa ba alamar tsafta ba ce. Kulorin da ake sa wa ruwan don kashe ƙwayoyin cuta ne ya haɗu da gumi da fitsari da man shafawa ya zama wani sinadari mai tashi sama, kuma tunda wurin a rufe yake, yana taruwa dab da fuskar ruwa, daidai inda hancin yaro yake. Shi ke sa ido ja, shi ke tayar da tari ga mai asma. Da safe ya fi sauƙi, da yamma bayan an yini ana shiga ya fi ƙarfi, wani dalilin ke nan na bin tsarin Malam. Ku ga likitansa kafin tafiya, ya rubuta muku takarda da asalin sunan maganin, ya kuma faɗa ko zai shaƙa kafin ya shiga ruwa. Abin shaƙar nan na salbutamol ku tafi da biyu, ɗaya a jakar hannu cikin jirgi, a wurin wanka kuma ya kasance cikin leda a inda kuka ajiye tawul, ba a kulle a akwatin ajiya ba. In ya fara tari ba ƙaƙƙautawa ko ƙirjinsa na fito, a fitar da shi daga wurin ruwan zuwa inda iska ta fi, a ba shi magani. Fita waje ma tana tayar da ita: a busar masa da kai sosai, a sa hula, a naɗa masa mayafi ya rufe hanci da baki don iskar ta ɗan ɗumama kafin ta shiga.

Auta: famfas na kullum ba ya shiga ruwa, kumbura yake ya yi nauyi ya fashe. Akwai na wanka, couche de bain, ana samu a kowane babban kanti. Ku sani kashi kawai yake tarewa, fitsari wucewa yake, saboda haka a ɗakin canji ake sa shi, ba tun daga gida ba, in ba haka ba keken zai jiƙe. A lissafa uku ko huɗu a yini, a duba duk bayan rabin awa zuwa awa, a canza a ɗakin canji a wanke hannu. Manyan biyu a kai su bayi duk awa ko ba su nema ba.

Ruwan digiri 29 ɗumi ne ga babba mai motsi, amma jiki digiri 37 yake, ruwa kuma yana jan zafin jiki da sauri fiye da iska. Ƙaramar yarinya minti 20 zuwa 30 ya ishe ta a shiga ɗaya, a fito a naɗe ta a tawul ta ci wani abu. A fatarmu ba a ganin sanyi a kumatu. Ki duba cikin leɓe da farce, Hajiya: in sun yi toka-toka, ko haƙora na kaɗawa, ko ta yi shiru ta lafe a jikinki, ta gama na wannan lokacin. Kwamin wankan nan mai ruwan zafi da ke ɓulɓulowa kamar yana tafasa kuwa, ba a sa yaron da bai kai shekara 5 ba.

Duk wanda cikinsa ya ɓaci ba ya shiga, ko da an biya kuɗi. Akwai ƙwayar cutar gudawa da ke rayuwa sama da mako ɗaya a ruwan da aka sa wa kulorin daidai, yaro ɗaya ya isa ya shafa wa ɗaruruwa. Haka nan a koya musu kada su haɗiyi ruwan. Kowa ya watsa ruwa minti ɗaya kafin shiga, ya yi wanka da sabulu bayan fita. Tsargiya irin ta ruwan Lagdo da Maga dai babu ita a can, wannan ku kwantar da hankali.

Kunne: a karkata kai ruwan ya fita, a goge bakin kunnen da tawul, kada a zura auduga mai tsinke. In bayan kwana ɗaya ko biyu yaro ya yi kuka da an ja masa kunne, ciwon kunnen masu iyo ne, maganin ɗigawa yake so daga likita. Su riƙa shan ruwa duk fitowa, don a cikin ɗumin nan ana gumi ba a sani ba. In kuma akwai mai sikila a gidan, maganar ta canza, sanyi da ƙishirwa su ne ke tayar da ciwon, sai da izinin likita.

Wanda ya fi damuna shi ne zazzaɓi. Yaron da ya baro Garwa ya yi zafin jiki a Faransa, kada a ce mura ce ta sanyi. A ranar a kai shi, a gaya wa likita a fili cewa daga arewacin Kamaru kuka zo, a yi gwajin maleriya, don ba shi ne abin da zai fara zuwa masa a rai ba. Lambar likitan gaggawa 15. Inshorar da kuka yi don biza, wadda dole ta kai yuro 30,000, takardarta ta kasance a jaka tare da katin rigakafin yara. Yaron da ya shaƙi ruwa ya yi tari sosai kuma, a sa masa ido sauran yinin. In tarin bai tsaya ba, ko numfashi ya yi sauri, ko barci mai nauyi ya kama shi ba lokacinsa ba, asibiti.

Baban Yasira, Garwa

Allah ya biya ku, na rubuta duka. Amma maganar Kawu ta tayar da wata. Maman yara ba za ta shiga ruwa da kayan da ba su rufe mata jiki ba, kuma na ji ana cewa Faransa suna da tsauri kan wannan. In aka hana ta fa? Ta kuma ce in tambaya game da kitson Yasira.

Hajiya Umma, Injamena

Baban Yasira, gara da ka tambaya yanzu, domin duk tsarin da Kawu ya shimfiɗa a kan shigarta ruwa ya tsaya.

Pisin na hukumar gari da masaukin 'yan kasuwa ba dokarsu ɗaya ba. A na hukuma yawanci ba a yarda da kayan da suka rufe jiki duka, ko maza ma ba a barinsu da gajeren wando mai faɗi, sai mai kama jiki. A 2022 birnin Grenoble ya sauya dokarsa don a yarda da burkini, kotu ta dakatar da sauyin, babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar kuma ta tabbatar da hukuncin. Masaukin 'yan kasuwa kuwa kowanne da dokarsa ta cikin gida. Saboda haka kada ƙaninka ya dogara da abin da wani ya gaya masa a waya. Ya rubuta wa ainihin wurin da za ku sauka, ya haɗa da hoton kayan da sunan yadin, ya tambaya har da naka wandon, ya karɓi amsa a rubuce kafin ya biya. A buga amsar a takarda, ta shiga jakar wanka, don wanda ke tsaye a bakin ruwa ba shi ne ya amsa saƙon ba.

Yadin shi ne rabin maganar. Auduga ba ta shiga ko'ina: tana shan ruwa ta yi nauyi, tana zubar da zare a matatar ruwa, tana kuma manne wa jiki ta nuna abin da ake son rufewa. Atamfa da doguwar riga da hijabi mai faɗi duk haka, ga haɗarin naɗe ƙafa ko rufe fuska. Abin da za a nema yadin wanka ne na roba, dogon wando da riga mai dogon hannu da hula mai rufe wuya, rigar kuma mai igiya ko maɓalli da ke haɗe ta da wando, in ba haka ba da ta zauna a ruwa za ta taso sama. Ta gwada shi a gida a jiƙe. Kada ku yi tsammanin za ta zauna a bakin ruwa da kayan gida tana kallo, wurare da yawa ba sa barin kayan waje su wuce inda ake wanke ƙafa.

In amsar ta zo a'a, to ko dai a nemi wani masaukin, ko matar ƙaninka ko shi kansa ya zo ya zama na biyu a ruwa, ko kuma ka riƙa shiga da yaro ɗaya tak, sauran biyun suna gida ko filin wasan cikin ɗaki da mamansu. Na ukun yana da gajiya, amma yana yiwuwa: awa ɗaya ga Yasira, awa ɗaya ga Abba, rabin awa ga auta. Ku kuma zauna ku yi magana tun a nan cewa wurin gauraye ne, maza da mata da kayan wanka irin nasu, kada ta je ta ga abin da ba ta shirya masa ba. Ɗakunan canji dai masu ƙofa ne, akwai manya na iyali, a nan ba matsala.

Kitso kuma, a yi mata manya guda shida ko takwas da gashinta, ba ƙari, ba duwatsu, don ƙanana da na ƙari suna riƙe ruwa har dare. Kafin ta shiga a jiƙa kan da ruwan famfo har ya ƙoshi, gashin da ya sha ruwa mai kyau ba ya shan na kulorin sosai, sannan a sa hular roba. Kada a shafa mai kafin shiga, hular za ta zame, ruwan kuma ya ɓaci. Bayan an fito a ɗauraye, a matse da tawul, a busar da na'urar da ke ɗakin canji a kan zafi kaɗan, sai a bi layin kitson da man kaɗanya. Jikinsu ma duka a shafe shi tun yana da ɗan danshi, don kulorin da na'urar ɗumama ɗaki in suka haɗu sun fi hunturun Marwa busar da fata. Gwangwani ɗaya na man kaɗanya ya isa, a akwatin da za a auna za a sa shi, ba a jakar hannu ba.